Ƙari mai tauri a kan karen gadi: amsa ga wani makiyayi

Wani makiyayi ya ce karensa mai gadin garke, ɗan shekara 8, ya fito da ƙari a saman ido, mai tauri kamar dutse. Wata biyar ke nan yana ƙaruwa a hankali, kuma karen na cin abinci lafiya. Yana tambaya ko ya tsaga shi, kuma ko zai shafi awakinsa.

Malam, ajiye wuƙar nan. Ƙurji yana da laushi da zafi, yana nuna cikin kwanaki ya fashe da mugunya. Ƙarin da ya ƙi motsi ƙarƙashin yatsa, ya yi watanni yana girma, mai yiwuwa sankara ce da ta tsiro daga ƙashi, kuma tsaga shi rauni kawai zai ƙara.

Sankarar ƙashi a karnuka, kusan kashi 85 cikin 100 nau'in da likitoci ke kira ostiyosakoma ce. Ta fi kama manyan karnuka a ƙafa, kusa da wuyan ƙafar gaba, kafaɗa ko gwiwa, da ɗingishin da hutu ba ya warkarwa. Muguwa ce, tana saurin kaiwa huhu. Ko an yanke ƙafar, yawanci wata 4 zuwa 5 kare ke ƙarawa, in an haɗa da allurar sankara ya kai wajen shekara guda.

Naka ya fi kama da waɗanda ba a cika gani ba. Akwai mai fitowa a ƙoƙon kai ko muƙamuƙi, ƙulli-ƙulli a hoto, akwai kuma na guringuntsi da ke son haƙarƙari da cikin hanci. Ba su da gaggawar yaɗuwa, shi ya sa nake ganin kana da sauran dama. Idan likita ya cire ƙarin tas tun yana ƙarami, tare da ɗan lafiyayyen ƙashin da ke kewaye, kare kan yi shekaru. Idan aka bar saura, dawowa yake. In kuwa aka yi jinkiri, na kai yakan turo ido waje ko ya danne ƙwaƙwalwa.

Kai shi wurin likitan dabbobi a ɗauki hoton kai da na ƙirji, a yanki ɗan tsoka a duba, domin ƙwayoyin cuta ma kan ci ƙashi su yi kama da sankara. Kada ka ba shi ibuprofen, yana ɓata wa kare ciki da ƙoda.

Awakinka da yaranka kuwa, ka kwantar da hankali, ba a ɗaukar wannan ciwon daga kare.