Aure ya mutu, shago da bashin banki fa na wa?

Tambaya: Malam ni ƴar kasuwa ce, ni da mijina muka buɗe shago, ni na kawo kashi biyu cikin uku na jari shi kuma yake zaman shagon, daga baya muka ci bashin banki da sunana. Yanzu ya sake ni yana cewa a raba kaya biyu kowa ya kama gabansa. Ya zan yi?

Amsa: Allah ya sa haka ne mafi alheri ƴar'uwa. Amma kar ki yarda a ɗaga ko kwali ɗaya tukuna, don a maganarsa ban ji inda ya ambaci bashi ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Banki ba ruwansa da saki, sa hannu ya sani, tunda sunanki ne a takarda to ke za a bi ko da shi ya kwashe rabin kayan ya yi gaba. In ma ya ce zai riƙa biya a baki ne kawai, ranar da ya fasa biya, wayarki ce za ta yi ƙara.

Saboda haka a rufe shago kwana ɗaya a yi ƙidaya gaban shaidu biyu, a rubuta kaya a farashin sari ba na sayarwa ba, a haɗa da kuɗin da ke asusun banki da abin da kuke bin kwastomomi (wannan kar ki lissafa shi duka, wani ba zai taɓa dawowa ba), sannan a cire bashin banki da na dilolin da suka ba ku kaya. Abin da ya rage shi ake rabawa.

Rabon kuma ya danganta da dokar da ke kanku. A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗe dukiya, jarinki naki ne, shi kuma yana da nasa kason da haƙƙin wahalar zaman shago gwargwadon yadda kuka shirya tun farko. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa abin da aka tara cikin aure rabi da rabi ne har da bashin. Don haka ki ga lauya ko alƙali, ki tafi da rasit da alat na ranar da kika tura jarin.

Ni dai da za ki ji tawa, ki saye kasonsa ko da biya kaɗan-kaɗan ne a rubuce, shagon da aka tsaga biyu ba kasafai yake tashi ba.