Tambaya da amsa: Shin karuwan zamanin kaboyi sun yi arziki?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. A finafinan kaboyi kullum sai ka ga mata a mashaya sun ci ado da siliki, suna ta shewa kamar ba su da damuwa. Wani abokina ya ce wai a wancan zamani su ne suka fi kowa kuɗi a garuruwan yammacin Amurka. Gaskiya ne? Yaya rayuwarsu take? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokin naka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ji. Kuɗi kam sun bi ta hannun matan nan. Zama ne ba su yi ba, kuma an tsara sana'ar ne yadda ba za su zauna ɗin ba.

Mu fara da abin da ya kai su can. An gano zinariya a Kalifoniya a 1848, maza suka yi ta kwarara. A ƙidayar 1850, mata ba su kai 8 cikin 100 na mutanen da aka ƙirga a jihar ba. Haka abin ya maimaitu a duk inda aka sami ma'adini ko titin jirgin ƙasa ya tsaya: azurfa a Virginia City ta Nebada, jan ƙarfe a Butte ta Montana, zangon shanu a Abilene da Dodge City na Kansas. Mace marar miji kuma aikin da ke gabanta bai wuce wankau, ɗinki ko aikatau ba, a kan ladan da ba ya riƙe ta. Yawancin waɗanda suka shiga karuwanci 'yan mata ne matalauta, da zawarawa, da waɗanda miji ya gudu ya bari, da baƙin da suka sauka daga jirgin ruwa ba su san kowa ba. Wasu ma yaudararsu aka yi. Al Swearengen, mai gidan wasan Gem da aka buɗe a garin Deadwood na Dakota a 1877, yakan jawo 'yan mata daga gabas da alkawarin aikin rawa da waƙa ko aikin gida. Sai yarinya ta iso, ba ta da kuɗin komawa, sannan ta ga ko wane aiki ne.

Sana'ar hawa-hawa ce, kuma fim hawan sama kaɗai yake nunawa. A sama akwai manyan gidaje masu falo, da mai kiɗa, da kuku, inda baƙo zai biya dala 5 zuwa 10 ko fiye, a lokacin da mahaƙin azurfa a Nebada yake karɓar dala 4 a yini, kaboyi kuma kamar dala 30 a wata. Ƙasa da su akwai gidajen talakawa da ɗakunan saman mashaya. Ƙasa kuma akwai ɗakunan da Turawa suke kira da sunan gadon jariri saboda ƙanƙantarsu, mu dai akurki za mu ce: jerin ɗakunan katako a lungu, kowanne da ƙofa ɗaya da taga ɗaya, gado, murhu, kujera, kwanon wanka. A ƙarshen gadon akan shimfiɗa leda mai kauri, domin mazan ba sa cire takalmi. Kuɗin nan daga kwata ɗin dala ne zuwa dala guda, don haka yawan baƙi ne kaɗai ke fitar da kuɗin haya. Can ƙasan ƙasa sai gidajen da ke bayan barikin soja, irin na kusa da Fort Laramie, waɗanda sojojin da kansu suke kira garken aladu. Tafiyar kusan kullum gangara ce. Shekaru, ciwo da giya su ne ke sauko da mace daga falo zuwa lungu, kuma ba a daɗewa.

Yanzu ga lissafin. Zan ce magajiya don sauƙin fahimta, amma a lura: magajiyar da aka sani a ƙasar Hausa shugaba ce da ke tsaya wa mata, ita kuwa ta can mai jari ce. Bisa al'ada tana ɗaukar rabin duk abin da mace ta samu. Daga sauran rabin za a cire kuɗin ɗaki da abinci da wanki. Rigunan silikin nan da kake gani ba kyauta ba ne, bashi ne, sau da yawa a hannun magajiyar ko ɗan kasuwar da suka haɗa baki da shi, a kan farashin da ya fi na kasuwa. Ga kuɗin likita. Ga kawali ko dadiro da ke jiran nasa don caca. Sannan ga hukuma.

Nan ne abin ya fi ba da mamaki. Karuwanci haramun ne a dokar yawancin garuruwan, amma ba a hana shi. Abin da ake yi shi ne a kama matan sau ɗaya a wata, ko su kai kansu kotu, su biya tara, yawanci dala 5 zuwa 10, magajiya ta biya fiye, kowa ya koma bakin aikinsa. Sunanta tara, amma haraji ne. Da shi garuruwan zangon shanu suke biyan albashin 'yan sanda. Birnin St. Louis ya fito fili a 1870 ya kafa rajista da duba lafiyar matan dole, a kan kuɗinsu, har aka soke tsarin a 1874. Mazan da ke kawo cutar ba wanda ya duba su.

Wadda ta fi kowa shan wuya ita ce 'yar Sin a San Faransisko. Akwai wata takardar yarjejeniya ta 1873 da ta shiga kundin hukuma. An biya wa wata mai suna Ah Ho bashin dala 630 na kuɗin jirgi, ita kuma za ta yi shekara huɗu tana karuwanci ba lada ko anini. Idan ciwo ya kwantar da ita fiye da kwana goma, za ta rama wata guda a kan kowane kwana goma. Ka duba: kwana goma a kwance, kwana talatin a kai. Wata takardar ta 1886 ta ce in mace ta yi ciki, a ƙara mata shekara. A irin wannan aiki ciwo ba ya rabuwa da mutum, don haka shekara huɗun ba ta cika ƙarewa. Kuma duk wannan bayan an haramta bauta a Amurka a 1865. Kai ƙara ma da wuya, domin a 1854 kotun ƙolin Kalifoniya ta hana 'yan Sin ba da shaida a kan Bature, kuma hanin bai tashi ba sai farkon shekarun 1870. Dokar Page ta 1875 da aka ce don maganin wannan aka yi ta, sai ta zama hanyar tare matan Sin baki ɗaya.

Batun lafiya gajere ne, domin magani babu. Tunjere da ciwon sanyi sun yi katutu. Maganin tunjere a lokacin zaiba ne, a shafa ko a sha, shi kuwa yana zubar da haƙora, ya lalata ƙoda. Maganin da ya fara aiki da gaske sai 1910 ya fito, fenisilin kuma sai shekarun 1940. Dokar Comstock ta 1873 ta haramta aika kayan hana ɗaukar ciki ta gidan waya, zubar da ciki a ɓoye ya yi ta kashe mata. Abin da ke da arha, kowane kanti akwai, shi ne ofiyom narke a barasa. Da shi ake kashe zafi, da shi ake samun barci, da shi kuma da yawa suka kashe kansu. Mattie Blaylock, wadda ta zauna da Wyatt Earp, shahararren ɗan sandan zamanin, haka ta mutu a Arizona a 1888. Pearl de Vere, mai gidan karuwai mafi tsada a Cripple Creek ta Kolorado, mofin, maganin kashe zafi da ake yi da ofiyom, ya yi mata yawa a 1897.

To ina waɗanda suka yi arzikin? Akwai, amma magajiyoyi ne, kuma ba jikinsu ya ba su ba, filaye da gidaje ne. Josephine Airey ta Helena a Montana ta mallaki gidaje da gidan wasa, har ta zama cikin manyan masu ƙasa a unguwarta. Karayar tattalin arziki ta 1893 ta cinye kusan komai, ta mutu a 1899 ba ta da abin kirki. Julia Bulette ta Virginia City, wadda labari ya mayar sarauniya, a ɗan gidan haya take zaune. A nan aka shaƙe ta a Janairun 1867 aka kwashe kayanta. 'Yan kwana-kwana sun yi mata jana'iza ta girma, an rataye John Millain a kan kisan a Afrilun 1868, amma da aka sayar da abin da ta bari, bai biya bashin da ake bin ta ba.

Da garuruwan suka cika da iyali, sai aka fara korar matan. Dokar Mann ta 1910 ta haramta ƙetara iyakar jiha da mace don karuwanci, Kalifoniya kuma ta yi dokar rufe gidajen a 1913. Wasu wuraren sun yi taurin kai: na Deadwood sai 1980, gidan Dumas na Butte sai 1982. A San Faransisko, ranar 25 ga Janairun 1917, mata fiye da 200 suka shiga cocin Fasto Paul Smith, jagoran masu neman a rufe unguwar karuwai, suka tambaye shi wane aiki za a ba su da zai ciyar da su da 'ya'yansu, tunda albashin mace a shago ba ya isa. Ranar 14 ga Fabrairu 'yan sanda suka zagaye unguwar, suka fitar da mata fiye da dubu kan titi da kayansu a hannu.