Tambaya da Amsa: Feshin roba a ragar gaban mota, da na'urar da ke ɓoye a bayanta

Assalamu alaikum. Filin namu na waya da kwamfuta ne, amma makon nan saƙonni uku suka shigo a kan abu guda, wato fentin robar nan na gwangwani da ake fesawa, in an gaji da shi a ɓare shi kamar ɓawon ayaba. Na karɓi tambayoyin ne saboda na taɓa yin aikin da hannuna, kuma gaban motocin yanzu cike yake da na'urorin da kwamfutar mota ke dogaro da su.

Tambaya: Malam, ina da Honda Accord ƙirar 2008. Ƙyallin ragar gabanta ya dusashe, wani wurin ma ya fara ɓarewa. Na ga bidiyo a TikTok ana fesa baƙar roba a gida, ta fito kamar sabuwa. Zan iya yi da kaina, kuma zai jure ranar Katsina? Daga wani ɗan'uwa a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, in dai za ka ba shi safiya guda cur. Wanda aka fi sani a cikin irin wannan fenti shi ne Plasti Dip, na wani kamfani da ke jihar Minnesota a Amurka. Tun 1972 ake yin sa, kuma asali don lulluɓe mariƙin kayan aiki irin su filaya aka ƙirƙiro shi, daga baya masu motoci suka gano amfaninsa. Roba ce aka narkar a cikin sinadarai masu saurin bin iska. Da ka fesa, sinadaran su tashi, robar ta zauna ta zama fata. Ba ya cin jikin abin da aka fesa masa kamar fentin gaske, kwanciya kawai yake yi a kai, shi ya sa yake ɓaruwa. Kamfanin ya ce in ya bushe yana jure zafi har digiri 93 a ma'aunin Salshiyos, don haka ranar Afrilu ba za ta narkar da shi ba. Abin da za ta yi masa shi ne ta rage masa baƙi a hankali.

Da wuya a ce motarka tana da wata na'ura a ragar, saboda haka ka cire ta gaba ɗaya. Ka buɗe bonet, za ka ga 'yan maɓallan roba da ke riƙe da ita. In ka ga sai an sassauta bamba kafin ta fito, ka kai wa mai gyaran jikin mota ya cire maka, don maɓallan motar da ta kai wannan shekaru sun bushe, da wuya su fita ba su karye ba. Dalilin cirewar shi ne lagireto da kwandensan esi suna nan daf da bayan ragar. Feshin da ya ratsa ya sauka a kan siraran haƙarƙarinsu yana toshe hanyar iska, kuma motar da ke bin hanyar Kano da tsakar rana ba ta da iskar da za ta yi asara. In cirewa ta gagara, ka zura kwali a bayan ragar, ka rufe fitilu da bamba da jarida da salatif na takarda irin na masu fenti.

Wanki shi ne rabin aikin. Ka wanke ta da omo da buroshi har cikin lunguna, ka ɗauraye, ka bar ta ta bushe ƙayau, don ruwa na laɓewa a kusurwoyi ya fito bayan ka fara feshi. Sannan ka goge da sifirit na kemis a tsumma mai tsabta, kada ka sake taɓa fuskar da hannu. Wurin da ƙyallin ya ɓare kuwa, ka bi bakinsa da sanfefa mai laushi har ya daidaita. Roba ba ta ɓoye aibi, duk tudun da ke ƙasa zai fito a sama.

Lokaci ne ke kayar da mutanenmu, domin masu bidiyon nan ba a ƙasarmu suke ba. A cikin hunturu, ƙurar da iska ke ɗauke da ita tana manne wa ɗanyen feshi, ba ta kuma fita. A bazara, in rana ta take, feshin yakan bushe a iska tun kafin ya sauka, sai fuskar ta fito da kaushi kamar bayan kada. Da damina kuma, ranar da hadari ya haɗu, danshi kan sa shi yin hazo-hazo. Ka zaɓi safiyar da iska ta kwanta, ka fara da hantsi a inuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa kamar yadda ake yi kafin sharar tsakar gida. Ragar kanta ta kasance da sanyi, ba wadda ta sha rana ba.

Ka girgiza gwangwanin minti ɗaya cikakke. Ka riƙe shi nesa da ragar kamar taƙi guda, santimita 20 ko kusa da haka, ka fara danna kan feshin a gefe, ka wuce ta kan ragar, ka saki a ɗaya gefen. Hawan farko ya zama yayyafi kawai, har kana hango ƙyallin ta ƙasa. Zuciyarka za ta ce ka ƙara, kada ka biye mata, wannan yayyafin shi ne abin da sauran za su kama. Ka jira minti 30. Hawa na biyu zuwa na biyar su fi jiƙa, su yi sheƙi amma kada su zuba, kowanne da hutun minti 30 a tsakani, kana sauya ɓangaren da kake tsayawa don feshin ya shiga cikin ramukan. Duk ka gama hawa ɗaya, ka kifa gwangwanin ka fesa na daƙiƙa biyu don bakin ya washe. Ka tanadi gwangwani biyu, kada ɗaya ya ƙare maka a tsakiya.

Maganar hawa biyar ɗin nan ina yin ta da ƙarfi saboda na ga sakamakon gajartawa. Karo na farko da na yi wa motar ƙanena, hawa biyu muka tsaya, don ta riga ta yi baƙi kuma muna ganin mun yi tattali. Bayan wata shida ya so ya sayar da motar, mai saye ya ce asalin launi yake so. Muka kama gefe muka ja, maimakon ta taso a haɗe sai ta riƙa gutsurewa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Daga azahar har kiran magariba muna zaune a ƙofar gida muna ƙwaƙula da farce. A ƙarshe sai da muka ƙara mata hawa uku masu kauri, ta kwana, washegari ta ɓare a ja biyu.

Bayan hawan ƙarshe ka ba ta aƙalla awa huɗu kafin ka taɓa, in da hali ta kwana kafin a mayar. Inda salatif ya haɗu da feshin kai tsaye, ka cire shi tun hawan ƙarshe yana ɗanye, in ya bushe zai taso da robar. Kuma don Allah a fili za ka yi, da takunkumi, nesa da yara. Tururinsa yana kama wuta, don haka kada a yi kusa da murhu, ko gawayi, ko janareta mai aiki. Fetur yana narkar da shi, ka gaya wa yaran wurin wanki kada su goge shi da fetur ko kalanzir, kada kuma su kafa masa bakin injin ruwa a gefe.

Tambaya: Na sayo Camry 2018 'yar Kwatano, ina son in baƙanta ragar har da tambarin Toyota. Akwai matsala? Daga wani Alhaji a Daura.

Amsa: Akwai, ranka ya daɗe, kuma wannan ita ce tambayar da ta sa na buɗe filin ga maganar mota. Ka shafa tambarin da hannunka. In ka ji shi sumul kamar gilashin waya, babu tudun zane, to murfin rada ne. A bayansa akwai na'urar da ke aika igiyoyin rediyo na kusan gigahaz 77, su bugi motar da ke gabanka su dawo, kwamfutar motar ta auna tazara da gudu. Da wannan, haɗe da kyamarar da ke saman gilashin gaba, take yi maka gargaɗi ko ta taka birki da kanta in ta ga karo na zuwa. An ƙera murfin da kauri na musamman don igiyoyin su ratsa shi, har littafin motar ya hana a yi masa fenti ko a liƙa masa sitika, ko da mai garai-garai ce. Hawa biyar na roba ya fi sitika kauri, balle irin mai ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki.

Wani lokaci motar takan nuna saƙo a allon gaban direba cewa na'urar ba ta aiki. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ta yi shiru alhali ganinta ya ragu, kana tafe da iyali da dare tsakanin Daura da Katsina kana zaton tana tsare da kai. Saboda haka kafin feshi ka rufe tambarin da kewayensa ruf da salatif, ka bar shi yadda yake. Kuma shawarar da na ba ɗan'uwanmu na cire raga ba taka ba ce. A irin motarka, in an cire ragar aka mayar, sai an sake saita radar da kwamfutar gwaji, kuma ba kowane gareji ke da kayan ba. A jikin motar za ka yi, da kwali a baya. In akwai kyamara a ƙasan tambarin, ko 'yan da'irorin nan na bamba masu ƙara in ka kusanci bango, su ma a rufe su da salatif kafin feshi, don roba za ta tare idon kyamarar, 'yan da'irorin kuma da sauti suke aiki, roba na danne sauti.

Tambaya: Ragowar gwangwanin yayana, zan iya fesa wa bayan wayata da kwamfutar tafi-da-gidanka? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: Jikin na'urar kanta a'a, ƙanwata. Feshin yana shiga ramin caji da lasifika da makirfo, a kwamfuta kuma ya toshe tagogin da fanka ke fitar da zafi, ga batirin da zafi ke rage wa kwana. In launin kike so, ki sami murfin waya mai tauri, ki cire wayar ki ajiye a ɗaki, ki goge murfin da sifirit, ki yi masa hawa huɗu, ya kwana kafin ki mayar. Murfin silikon mai laushi ba ya riƙe shi. Ko mai taurin ma, gumin hannu da gogar jaka za su fara ɗaga kusurwoyinsa bayan 'yan makonni, lokacin sai ki ɓare ki sake sabo.