Faifai mai terabait ɗaya zai ishi sabuwar sabarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada, cikin garin Gombe. Tsohuwar sabarmu mai Linux, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan makarantar, ta kusa cika, kuma shugaban makaranta ya ce in kawo lissafin sabuwa. Bayananmu sun kai kimanin gigabait 400. Faifai mai terabait 1 zai wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Awo guda bai isa a yanke hukunci da shi ba, domin abin da za ka saya wa faifan shi ne bayanan shekaru uku ko huɗu masu zuwa.

Fara da sanin inda nauyin yake. Idan fayilolin suna cikin /srv, rubuta sudo du -xh --max-depth=1 /srv | sort -h, za ka ga girman kowace folda a jere daga ƙarama zuwa babba. Kada ka cire sudo, wanda ke ba ka izinin mai kula da sabar, in ba haka ba du zai tsallake foldodin da ba ka da izinin shiga, ya ba ka adadin da bai cika ba. Harafin x kuma yana hana shi ƙetarawa zuwa wani faifan da aka liƙa. Ka leƙa /var ma, domin nan rumbun bayanai da fayilolin log, waɗanda sabar ke rubuta ayyukanta a ciki, suka saba taruwa. Daga nan ka kwatanta da df -h, umarnin da ke nuna yadda kowane faifai ya cika. Idan df ya nuna cikar da ta zarce ta du sosai, sau da yawa fayil ne aka goge alhali wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe.

Sai ka maimaita awon kowane mako, kana rubutawa, har tsawon zango guda. A makaranta bayanai ba sa ƙaruwa daidai wa daida, lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai da na jarrabawa ne hotuna da takardun sikan suke yin ambaliya, saboda haka awon da aka yi a lokacin hutu yaudara ce.

A ce ka tarar da ƙarin gigabait 15 a wata. Cikin shekara uku ya zama 540, a haɗa da 400 ɗinka, 940 ke nan. Faifan da aka rubuta wa terabait 1 kuwa kusan gigabait 931 kwamfuta za ta nuna maka, saboda kamfanoni suna ƙirga da dubu, ita kuma da 1024, sannan ext4, tsarin ajiye fayiloli na Linux, yakan keɓe kashi 5 cikin ɗari tun daga farko. Ka ga bai kai ba, balle a bar sararin kashi 20 cikin ɗari da ni nake ba da shawara a bari.

Da wannan lissafin, terabait 2 zan rubuta wa shugaban. Idan za ku yi RAID 1, wato a riƙa rubuta bayanai iri ɗaya a faifai biyu lokaci guda, faifai biyu za ku saya amma sararin guda za ku samu, kuma kwafin ajiya na ko-ta-kwana yana buƙatar nasa faifan daban, wanda ba ya cikin sabar.