Ban Ruwa da Rana Tsaka

Ɗana, saƙonka ya iso, sai da na murmusa kafin gabana ya faɗi. Wai kana tambaya ko gaskiya ne aljanu suka sa mutanenmu na Mai Wurno, nan ƙasar Sudan, ba sa ban ruwa da rana tsaka, don ku can Wad Madani famfo ba ya zuwa sai bayan azahar, ga kuɓewarka da lalonka suna yaushi. Can ƙarshen saƙon kuma ka saƙala, kamar ba komai ba, cewa likita ya ce kana da ciwon suga. Haka ake ba baffa irin wannan labari?

Ba a haife ka ba a 1984, shekarar da damina ta ƙi. Kogin nan da ke gangarowa daga Habasha ya ja baya har jigonmu ya daina kaiwa ruwa, sai mu sauka gangare da tulu a kai. Da bazara ta zagayo, lokacin da aka kifar da shugaban ƙasa Numeiri a Afrilun 1985, mutane suna layin dawar agaji ta Amurka wadda ake ce wa Rigan, sunan shugaban Amurka na lokacin. Kakanka yana fama da fuka tun yana saurayi, in habub ta taso da jar ƙurarta sai ya kwana a zaune, ƙirjinsa na kuka kamar sarewa.

Wata asuba ya tashe ni, ko kiran farko ba a yi ba. Muka isa lambu da fitilar ƙwai, ya zauna bakin kunya yana haki, ya nuna da sandarsa ya ce, "Tuge wannan layi, bar wannan." Kuɓewa ce har ta fara fure! Na ce, "Baba, da hannunmu?" Ya ce, "Tulu nawa kake iya haurowa da shi kafin rana ta ɗaga?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ni kuma ko ɗaya. To daidai ruwa daidai tsaki." Ina tugewa ina hawaye, ƙaiƙayin ganyen yana cin hannuna. Wadda muka tuge muka shimfiɗa ta a gindin wadda ta rage, muka ƙara da karan dawa don ƙasa ta riƙe laima. Sai ya sa na binne tsofaffin tulunan Inna uku har wuya a tsakanin tumatir, na cika su, na rufe bakinsu da sakaina. Ruwa yana tsatsafowa a hankali ta jikin yumɓu, rana ba ta samun abin sha. Hantsi bai yi ba muna gida. Rabin nan da ya tsira shi muka yi miya da shi, Inna har ta shanya weka, wato busasshiyar kuɓewa.

Shi kakanka ko sau ɗaya ban ji ya ambaci aljanu ba. Abin da yake cewa, da sanyin safiya ake kama fara. Inna ce ke tsorata mu da masu zaman gindin tsamiya, kuma ban taɓa gardama da ita ba.

Ku yaran yanzu ba ku kwanciya, kuna danna waya har dare ya raba, asuba ta wuce ku, sannan ku fita a zafin da ya haura digiri 40 kuna ja da tiyo. Tari ruwan famfon a durom, ka ba shuka da asuba. Ni yau shekara 11 ina tare da wannan suga. Ba na shiga lambu ba takalmi, don ƙaya ɗaya a ƙafar mai suga na iya zama gyambo. Dabino uku ba sa barin aljihuna saboda ranar da jiki zai ɗauki rawa. Allurata kuwa tana ƙarƙashin randa, inda sanyi yake.

Ka gaya mini ko ƙwaya aka ɗora ka ko allura, kuma mahaifiyarka ta sani?