Me Ya Sa Ake Liƙe Rumbun Gandu Sai Ruwa Ya Sauka?

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni, Allah ya yi maka albarka. Ka ce tun da mahaifinka ya bar maka ragamar gandu kai da ƙannenka, abu ɗaya ya tsaya maka a rai: me ya sa in kaka ta wuce ake cika babban rumbu da gero a liƙe bakinsa da laka, a ce ba mai taɓa shi sai ruwa ya sauka, alhali gida na ta lallaɓawa da ɗan abin da aka raba wa mata? A ganinka gara a sussuke duka a ɗura a buhu, a sayar da rabi a sayi takin zamani da injin ban-ruwa. Har ka ce ko camfi ne irin na mutanen da.

Babu camfi a ciki ko kaɗan. Hatsin da ke cikin wannan rumbun shi ne zai noma gonar baɗi, shi ya sa ake tsare shi haka.

Fara da duba yadda gandu yake tsaye. 'Ya'ya da ƙanne suna ba maigida ƙarfinsu daga safe zuwa azahar a ranakun da aka yanka, wasu gidaje kwana huɗu a mako, wasu biyar, Juma'a dai hutu ce. Da la'asar kowa ya wuce gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Shi kuma maigida an ɗora masa ciyarwa, da kayan aiki, da ragon suna, da auren fari na kowane yaro, a da har da haraji. A cikin waɗannan duka, wanda ba ya jiran gobe shi ne abinci lokacin noma. Ranar da ka kasa aika furar rana ga mutum shida da ke duƙe a gona, ranar gandu ya fara watsewa, don washegari biyu daga cikinsu za su tafi ƙwadago gonar wani.

Ka zauna ka yi lissafin da kanka. Gidan mutum goma, manya da yara, yakan ci kamar tiya biyu ta hatsi a rana, fura da tuwo. Da noma ya kankama sai ta koma uku, saboda mai riƙe da kalme tun asuba ba ya ƙoshi da abin da ya saba. Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Satumba kusan kwana 120 ne, tiya 360 ke nan, buhu tara in ka ƙirga tiya 40 a buhu. Dami kuwa suna ya tara, na wani gari ya kusa ninka na wani, don haka kada ka ari lissafin kowa. Ciro dami uku, babba da matsakaici da ƙarami, a sussuke a sheƙe a auna, ka raba uku. In ya ba ka tiya shida, dami 60 ne kason damina. Ka ƙara 15 ko 20 a kai saboda gayya, da suna ko rasuwa da ka iya faɗowa, da sake shuka in ta farko ta ƙone. Wannan kason shi ake liƙewa.

Da rani gida na da hanyoyin samu. Samari sun tafi cin rani ko sun gangara fadama aikin albasa da tattasai, bakuna sun ragu. Mata na da rabonsu na kaka, ga abin gayauna, ga sana'ar cikin gida. Da damina duk waɗannan hanyoyin a toshe suke, kowa ya dawo, ba mai shigo da kuɗi, kuma a lokacin hatsi ya fi tsada. Je ka Acida ko Illela ko Boɗinga a watan Oktoba, kowa ya kawo gero, 'yan sari ne ke yanka farashi yadda suke so. Koma a Agusta ka tambayi kuɗin tiya. Wanda ya sayar da kaka shi ne zai zo ya sayi hatsin nan da tsada, in ba kuɗi ya ci bashin dami ɗaya a biya biyu, wanda riba ce ƙarara, ko ya tafi ƙwadago.

Ƙwadagon nan shi ne abin da na fi ji maka tsoro. Gero yana son noman firi cikin mako biyu zuwa uku da tsirowa, tare da rage shuka a bar uku ko huɗu a rami. In ka wuce wannan lokacin, haki ya riga ya shanye ɗan takin da ɗan danshin da ke jigawa, geron ya yi ja ya tsumbure, ko ka dawo ka yi maimai sau biyu ba zai kamo 'yan'uwansa ba. To makon da gonarka ke neman hannu shi ne makon da masu hali ke neman 'yan ƙwadago. Mai rumbu wayam yana can yana gyara gonar wani don ya samo tiyar dare, tasa tana lalacewa. Da kaka ya girbe kaɗan, ya biya bashi, baɗi kuma ya sake komawa gidan jiya. Gidaje da yawa ta nan gonarsu ta fara shiga jingina.

Ka kuma tuna irin ruwan ƙasarmu. Manoma na cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama, amma alama ba ta raya shuka. Ruwan Sakkwato wata huɗu ne in an yi sa'a, mafi yawansa a Agusta. Sau da yawa yakan sauka a yi shuka, ya ɗauke mako biyu ko uku. Farin 1973 da na 1984 ba su yi nisan da za a manta ba, kuma gidajen da suka fi jurewa su ne masu tsohon hatsi a ajiye.

Batun sussukewa a sa a buhu kuwa, ga dalilin da ya sa ake barin gero a zangarniyarsa. Iska na ratsa tsakanin zangarniya, don haka ɗan danshin da ya rage yana fita. Ƙwayar tana matse a jikin kai, ƙwaro ba ya samun yawo cikinta kamar yadda yake yi a buhu. Geron da ya bushe sosai yakan shekara biyu zuwa uku a rumbu mai kyau, ya fito da ƙamshinsa. Dawa ba ta kai shi jurewa ba, ƙwaro ya fi son ta, shi ya sa ake fara cin ta. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba. Buhu yana da sauƙin ɗiba. Yau an ɗebi tiya biyu an kai kasuwa don kuɗin magi da manja, gobe yaro ya ɗebi ɗaya don katin waya, kafin azumi ka ga buhu ya kwanta ba wanda zai ce ga inda ya tafi. Dami kuwa sai an kafa tsani, an ɗaga jinka, an fasa laka, an sauko da shi kowa na gani, an sa a turmi. Wannan wahalar da gangan aka bar ta.

Sai dai rumbu ba ya tsare abin da aka zuba masa da ganganci. Kafin girbi a kwashe tsohon hatsi kaf, a share, a kunna ɗan kara a ciki hayaƙi da zafi su kashe ƙwarin da suka maƙale a tsaga, a kula sosai kada wuta ta kama jinka, gara ma a sauke ta tukuna. Duk tsaga a yaɓe ta ciki da waje da laka da aka kwaɓa da haki ta kwana biyu ko uku ta ruɓa. Duba duwatsun da rumbun ke zaune a kai: a ce kyanwa na iya wucewa ta ƙarƙashi, iska ma haka. In ka ga siririn layin ƙasa yana hawa jikin dutse, gara ce ta yi hanya, kankare shi ka zuba toka kewaye. Kada a jingina kara ko itace a jikin rumbu, tsani ne ka kafa wa ɓera. Jinkar da ta shekara biyu a sake ta, don ɗigo ɗaya a Agusta ya isa ya baƙanta dami goma na sama.

Wajen zubawa, gaggawa ce ke ɓata aiki. Gero yakan nuna tun ruwa bai gama ɗaukewa ba. In an sare kara da magirbi a bar shi kwance kwanaki ya sha rana kafin a yanke kai, in an ɗaure kuma a jera dami a kan itace, kada ya taɓa ƙasa. Murza zangarniya ka ciji ƙwaya: in ta fashe ƙas, ta bushe, in ta lotse a haƙori, da saura. In kana son tabbaci, zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, rufe ka girgiza ka ajiye kaɗan. Gishirin ya manne a jikin kwalba, to a mayar da dami rana. A shimfiɗa toka da busasshen ganyen dogon yaro a ƙasan rumbu, a jera zangarniya a matse, a riƙa barbaɗa toka tsakani. Sabon hatsi ba ya hawa kan tsoho, ƙwarin tsohon ne za su cinye sabon.

Tun kafin dami ya shiga rumbu akwai haƙƙoƙin da ake fitarwa. Na farko zakka. Nisabinta wasƙi biyar ne, sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana ba da ɗaya cikin goma, shi ya sa kake ganin ana ware dami na goma tun a gona. Abin da aka shayar da jigo ko inji, ɗaya cikin ashirin. A Malikiyya gero da dawa da shinkafa kowanne da nisabinsa, ba a haɗa su don a cika. Na biyu iri. Ana zaɓensa tun hatsi na tsaye, dogayen zangarniyoyi cikakku daga tsakiyar gona, a guji shibra, wato geron banza mai zubar da ƙwaya, da duk wanda cutar domana ta taɓa, a ɗaure shi daban a sa masa alama. Ka ajiye ninki biyu na abin da gonar ke ci, saboda binne, wato shukar da ake yi kafin ruwa ya sauka, kan ruɓe ko ya ƙone. Sai rabon mata, da damin gwaggo ko 'yar'uwa da ke gidan miji, a gidaje da yawa har da na malamin makarantar allo da wanzami da maƙeri. Kada ka yanke wannan don ka ga ƙarami ne. Su ne mutanen da za su amsa maka ranar gayya.

Inda kake da gaskiya shi ne wake. Shi kam rumbu ba ya riƙe shi, cikin wata biyu zuwa uku ƙwaro ya huda shi ya zama gari. Sayi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Hura ledar ka tabbata ba huda, zuba busasshen wake, matse iska, ɗaure kowace leda daban, ka ɗora a kan katako nesa da bango. Rashin iska ne ke kashe ƙwaron, don haka in ana buɗewa ana ɗiba an ɓata aikin. Kada ka yarda a zuba wa abin da za a ci maganin feshi na gona. Ƙwayar nan mai fitar da hayaƙi da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhu kuma kada ta kwana ɗaki ɗaya da mutum, tana kisa.

Taki ma ban hana ka ba, kuɗinsa ne ba za su fito daga rumbun damina ba. Su fito daga wake da gyaɗa, ko albasar fadama in an ajiye ta ta wuce lokacin da kasuwa ke cike, ko rago biyu da aka turke da harawa da dusa don layya. Kuma ba sai ka watsa buhu da yawa ba. Cikin murfin kwalbar lemo na takin NPK a gindin kowace shuka, a ɗan nesa da ita a rufe da ƙasa mai danshi, buhu ɗaya mai kilo 50 ya kusa zagaye hekta guda in tazarar rami taku ɗaya ce. Amma jigawar da ba ta ga takin gida ba ba ta riƙe na zamani, ruwa biyu ya wanke shi. A kai takin turke da shara tun da rani, a sasanta da Fulani su kwantar da shanu a gona bayan girbi, kuma kada wani ya sare gawon nan na gonarku, duba yadda geron ƙarƙashinsa ke fin sauran. Injin ban-ruwa ya jira shekarar da rara ta samu.

Abu ɗaya ya canza daga zamanin kakanku, dole a yi aiki da shi. A gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, 'yan bindiga sun ƙona rumbuna ba adadi, ambaliyar 2010 kuma ta narkar da na garuruwan bakin Gulbin Rima da yawa. Don haka kada ka tara komai wuri ɗaya. Raba kason damina biyu, rabi a rumbun da ke kan tudu cikin gida, rabi a sussuke a sa a buhu mai leda a ajiye wurin amintacce a cikin gari. Sharaɗin bai canza ba: ba a taɓa shi sai an yi shuka.

In ruwan shuka ya sauka, kai za ka hau da kanka ka buɗe da bisimilla, ka fitar da na kwana uku ko huɗu ka ba mai girki, ka mayar da jinka ta zauna daidai. Abin da ya yi rara kuma kada ka kai shi kasuwa don ka ga gero ya fitar da kai, fari ko tsuntsayen jan-baki na iya zuwa bayan nan. Bari sai ya yi ido, yara sun fara gasa tumu a bakin gona. A lokacin farashi bai gama faɗuwa ba, kuma kana buƙatar rumbun wayam don shara da yaɓe.

Ka auna dami ukun nan wannan makon ka aiko mini da abin da ka samu, da yawan bakunan gidan, mu daidaita kason tare. Ka gaishe mini da mahaifinka da jiki, da innarka da yaran duka.

Baffanka.