Kuɗin Nokia da Ericsson a cikin wayarka: tambayoyi kan haƙƙin ƙirƙirar 4G da 5G

Tambaya: Malam, na ji an ce duk wayar da ke kama 5G sai kamfanin da ya ƙera ta ya biya Nokia da Ericsson, ko da babu ko kusa ɗaya tasu a ciki. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, kuma ba su kaɗai ba. Qualcomm da Huawei da Samsung da ZTE da InterDigital duk suna cikin masu karɓa. Dalilin shi ne, kafin wayar da aka ƙera a Sin ta yi magana da turken sadarwar da aka ƙera a Suwidin, dole su bi ƙa'ida ɗaya. Haɗakar 3GPP, wadda aka kafa a 1998, ita ke rubuta wannan ƙa'ida, kuma injiniyoyin kamfanonin ne ke zuwa taronta, kowa da dabararsa. Idan aka amince da dabarar wani aka sa ta cikin ƙa'idar, alhali yana da takardar mallakarta, to babu mai ƙera waya ya kauce mata. Irin wannan takarda ake kira SEP, wato haƙƙin ƙirƙirar da ƙa'idar ba ta aiki sai da shi.

Don kada mai haƙƙin ya shaƙe wuyan kowa, hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai, wato ETSI da ke Faransa, tana neman ya yi alkawarin ba da lasisi bisa sharuɗɗan adalci da sanin ya kamata, ba tare da nuna bambanci ba. Alkawarin ke nan da ake kira FRAND. Sai dai ETSI ba ta faɗi ko nawa ne adalcin ba. Daga nan rigimar ta samo asali.

Tambaya: To nawa ake biya a kan kowace waya?

Amsa: Abin da kamfanonin suka shelanta shi ne: Nokia ta ce ba za ta wuce yuro 3 a kan wayar 5G ba, Ericsson ta ce dala 2.5 zuwa 5, Huawei kuma a 2021 ta ce iyakarta dala 2.5. Qualcomm kaso take ɗauka, kashi 3.25 cikin ɗari na farashin wayar da ke kama 5G tare da 4G da 3G, tana lissafi har zuwa dala 400 kawai. Amma wannan farashin taya ne. Ainihin yarjejeniyoyin sirri ne, kuma manyan masu ƙera waya kan sasanta ƙasa da haka, wani lokaci da dunƙulallen kuɗi na shekaru da yawa.

Tambaya: Malam, na ga wani jadawali da ke jera kamfanoni bisa yawan takardun 5G da suka mallaka. Wanda ya fi yawa shi ya fi cancantar kuɗi ke nan?

Amsa: A'a Malama, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Alƙaluman irin wannan jadawali yawanci daga rumbun ETSI ake kwaso su, kuma abin da kamfani ke cewa a can shi ne takardarsa "mai yiwuwa" ce ta zama dole. Shi ya faɗa da bakinsa, ETSI ba ta bincikawa. Kamfani kuwa gara ya ayyana fiye da kima da ya rage, domin wanda ya ɓoye takarda yana iya rasa damar cin moriyarta a kotu. Ga shi kuma ana ayyana wasu tun ƙa'idar ba ta kammalu ba, daga baya a canza sashen da suka shafa, takardar ta zauna a rumbun haka nan.

Tantancewa ta gaskiya aiki ne mai cin rai. Masani zai ɗauki iƙirarin da ke cikin takardar, ya yanka shi gaɓa-gaɓa, ya ajiye kowace gaɓa gefen sakin layin ƙa'idar da ake cewa ta shafa. A ce iƙirarin ya ce waya "za ta aika saƙon neman izini, ta jira amsa, sannan ta ƙara ƙarfin sigina". Idan ƙa'idar ta ce dole a yi dukkan ukun, takardar ta zama dole. Idan kuwa mataki na uku zaɓi ne, ko ana iya yinsa ta wata hanya, shi ke nan ta faɗi. Bayan haka akwai tambaya ta biyu: takardar ma ingantacciya ce, ko wani ya riga ya wallafa dabarar? Kamfani ɗaya yana iya riƙe dubban takardu, shi ya sa ake ɗebo samfuri a auna sauran da shi.

Wajen yanke farashi hanya biyu kotuna suka fi bi. Ta farko, a ƙiyasta jimillar abin da ya kamata waya ta biya kan ƙa'idar gaba ɗaya, a raba bisa kason kowa. Ta biyu, a duba lasisin da wasu kamfanoni suka riga suka sa wa hannu, a kwatanta. Ni na fi yarda da ta biyu, domin kuɗi ne da wani ya ciro da gaske ya biya, ta farko kuwa tana ɗaukar takardar da ta canza duniyar sadarwa daidai da wadda ta gyara ɗan ƙaramin abu. Amma ita ma ta biyun tana da naƙasu, tun da wani ya sa hannu ne don tsoron a hana shi kasuwa.

Dubi tazarar da ake samu. A shari'ar Microsoft da Motorola a Amurka, kan ƙa'idojin Wi-Fi da bidiyo, abin da Motorola ta nema ya kai wajen dala biliyan 4 a shekara, alƙali a 2013 ya yanke kusan dala miliyan 1.8. A Ingila kuma, babbar kotu ta ce Apple ta biya Optis, wani kamfani mai riƙe da irin waɗannan takardu, kimanin dala miliyan 56 a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi dala miliyan 502 a 2025. Takardun ba su canza ba, hanyar lissafi ce ta bambanta.

Tambaya: Idan kamfani ya ƙi biya, za a iya kashe wayar da ke hannuna?

Amsa: Kwantar da hankalinka, babu mai taɓa wayarka. Sayar da sababbi ake hanawa. Ya faru a Jamus a 2022, lokacin da kotun Mannheim ta ba Nokia gaskiya, Oppo da OnePlus suka janye wayoyinsu daga kasuwar ƙasar har sai da aka daidaita a farkon 2024.

Ba haka kawai ake samun irin wannan umarni ba. Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Huawei da ZTE ta 2015, ta shimfiɗa matakai: mai haƙƙi ya fara sanarwa, mai ƙera waya ya nuna yana son lasisi, a kawo tayi a rubuce, a mayar da martani ba tare da jan ƙafa ba. Wanda ya yi wasa da matakinsa shi ke kwana ciki. A 2020 kuma Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Unwired Planet da Huawei, ta ce tana iya yanke farashin lasisi na duniya baki ɗaya. Kotunan Sin ma suka ce su ma suna da wannan iko, shi ya sa yanzu kowane ɓangare ke rige-rigen shigar da ƙara a inda yake ganin za a fi tausaya masa.

Tambaya: Biyan nan yana da ranar ƙarewa?

Amsa: Kowace takarda shekara 20 take yi daga ranar da aka nemi rajistarta, don haka mafi yawan na 2G sun riga sun mutu. Sai dai ana sabunta ƙa'idar kashi-kashi, kowane kashi da sababbin takardunsa, kuma masu biya sun ƙaru. Yanzu masu ƙera motoci ma suna ciki: ta hannun Avanci, wadda ke tara haƙƙoƙin kamfanoni da dama ta sayar da lasisi ɗaya, farashin da aka sa a 2023 shi ne dala 20 kan motar da ke da 4G, dala 32 kan mai 5G.